YADDA MANHAJA KE AIKEN UMARNI TA KUMA KARƁI AMSARSA

Gabatarwa

Aikin kwamfuta ya riga ya shiga harkokin yau da kullum na jama'ar ƙasar nan. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu bisa kwamfuta baki ɗaya. Rajistar lambar shaidar ɗan ƙasa da ta ɗalibai da biyan albashin ma'aikata duk ta wannan hanya ake gudanar da su. Garin Potiskum na Jihar Yobe, inda Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Fasaha take, inda kuma ake cin kasuwar shanu wadda ake lissafawa cikin manya na Afirka ta Yamma, yana cikin garuruwan da wannan canji ya shafa. Matashin da ke zaune a unguwar Yerimaram, in dai yana da kwamfuta a gabansa, yana iya koyon rubuta manhaja daidai da takwaransa na Legas ko na Landan.

An shirya wannan darasi ne domin irin wannan matashi, da malamin makaranta, da akawun ofis wanda ya fara koyon harshen kwamfuta. Darasin ya shafi aiki guda ɗaya tak, watau yadda manhajar da mutum ya rubuta za ta aiki wata manhaja dabam ta yi mata aiki, sa'an nan ta karɓi amsar da ta kawo. Aikin yana da sauƙi a ido, amma sakaci a cikinsa yana iya jawo asarar rajistar shekara guda ba tare da kowa ya sani ba.

1. Ma'anar umarnin waje

A cikin kowace kwamfuta akwai babbar manhaja mai kula da dukan sauran, kamar Windows ko Linux. Tare da ita akwai ɗaruruwan ƙananan manhajoji, kowace da aikinta. Wata tana kwafe fayil, wata tana auna wurin da ya rage a ma'ajiyar kwamfuta, wata kuma tana bincika ko layin intanet yana aiki. Mutum yana kiran kowace daga cikinsu ta hanyar buga sunanta a allon umarni, ita kuwa ta rubuta masa amsa a kan allon ya karanta da idonsa.

To, idan mutum ya rubuta tasa manhaja da wani harshe kamar Python, sau da yawa yakan bukaci aikin da ɗaya daga cikin waɗannan ƙananan manhajoji ta riga ta iya. Maimakon ya sake rubuta aikin daga farko, sai ya sa manhajarsa ta kira ta. Wannan shi ake kira umarnin waje, domin ba a cikin harshen yake ba, daga wajensa ake kiransa.

Misalin da ya fi dacewa da wannan shi ne na ɗan aike. Attajiri yana zaune a gida ranar kasuwa, sai ya aiki yaronsa kara ya tambayo masa farashin bijimi. Idan yaron ya je ya tambaya, ya kuma faɗi farashin da ƙarfi a tsakiyar kasuwa, amma bai dawo gida ya faɗa wa maigidansa ba, aiken bai yi amfani ba. Haka abin yake ga manhaja. Idan ta aiki umarni, umarnin ya rubuta amsarsa a kan allo ya tafi, manhajar ba ta sami kome a hannunta ba wanda za ta yi lissafi da shi ko ta yanke shawara a kansa. Dole ne a tanadi hanyar da amsar za ta dawo hannun mai aiken.

2. Asalin wannan tsari

Tsarin da ake bi a yau ya samo asali ne daga babbar manhajar Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ƙirƙirowa cikin 1969 a ɗakin binciken Bell da ke Amurka. Abokin aikinsu Douglas McIlroy ya daɗe yana ba da shawara cewa a riƙa haɗa manhajoji kamar yadda ake haɗa mesar ruwa, abin da ya fito daga wannan ya shiga waccan kai tsaye. Cikin 1973 Thompson ya aiwatar da shawarar. Abin da ya ƙirƙiro shi ake kira bututu, kuma har yau da shi ake aiki a Linux da Windows da wayoyin Android.

Bututu wani ɗan wuri ne a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta mai baki biyu. Manhaja ɗaya tana zuba rubutu ta wannan baki, ɗaya kuma tana ɗiba ta wancan. Duk lokacin da aka ce manhaja ta karɓi amsar umarni, abin da ya faru shi ne an kawar da bakin umarnin daga allo an haɗa shi da bututu, mai aiken kuma ya tsaya a ɗaya bakin yana tara.

3. Abubuwa uku da ɗan aike ke dawowa da su

Kowane umarni da aka tayar yana da ƙofofi uku, kowace da lambarta. Ƙofa mai lamba 0 ita ce ta shiga, ta nan ake miƙa masa abin da zai yi aiki a kai. Ƙofa mai lamba 1 ita ce ta amsa, ta nan sakamakon aikinsa ke fitowa. Ƙofa mai lamba 2 ita ce ta ƙorafi, ta nan yake faɗin matsalar da ya ci karo da ita. A rubuce-rubucen kwamfuta sunayensu su ne stdin da stdout da stderr.

Dalilin raba ƙofar amsa da ta ƙorafi a fili yake. Idan ana tara jerin sunayen ɗalibai daga wani umarni, sai umarnin ya kasa buɗe wani fayil, bai kamata kukansa ya shiga cikin jerin a ɗauke shi a matsayin sunan ɗalibi ba. Sai dai a kan allo duka biyun a gauraye suke fitowa, shi ya sa mai koyo ba ya lura cewa ƙofofi biyu ne sai ranar da ya tara ɗaya ya rasa ɗaya.

Ban da waɗannan ƙofofi, akwai lambar kammalawa. Duk umarnin da ya gama aiki yana barin lamba guda ga wanda ya aike shi. A Linux lambar tana tsakanin 0 da 255. Sifiri yana nufin aiki ya yi kyau. Duk wata lamba dabam, bisa ga al'ada, tana nufin akwai magana. Alal misali, umarnin grep mai neman kalma a cikin fayil yana ba da 0 idan ya same ta, 1 idan bai same ta ba, 2 kuma idan ya gamu da matsala kamar rashin fayil ɗin kansa.

Saboda haka abubuwa uku ne ɗan aike ke dawowa da su: amsa, da ƙorafi, da lambar kammalawa. Wanda ya karɓi amsa kaɗai ya bar sauran biyun, ya karɓi sulusin saƙonsa ne.

4. Yadda ake yi a harshen Python

Guido van Rossum, mutumin ƙasar Holan, shi ne ya fito da harshen Python cikin 1991, shekarar da aka kafa Jihar Yobe. Tsohuwar hanyar aiken umarni a cikinsa ita ce os.system. Wannan hanya tana tayar da umarnin, amma tana barin amsarsa ta tafi kan allo, abin da take dawowa da shi kawai shi ne labarin kammalawa. Cikin 2004 aka shigo da sashen subprocess domin ya maye gurbin tsofaffin hanyoyi. Cikin 2015 aka ƙara masa subprocess.run, cikin 2018 kuma aka ƙara capture_output, wanda ya sauƙaƙa aikin ƙwarai. Python na biyu an daina kula da shi tun farkon 2020, saboda haka duk littafin da ke koyar da hanyoyinsa, kamar sashen commands, ya tsufa.

A ɗauka akwai wani shagon kwamfuta a Yerimaram inda ake yi wa ɗalibai rajista ta intanet. Mai shagon yana so kwamfuta ta bincika layi da kanta kowace safiya kafin a fara karɓar kuɗin jama'a. Umarnin da ke wannan bincike shi ne ping, wanda Mike Muuss ya rubuta cikin 1983. Aikinsa shi ne ya aika ɗan saƙo ga wata kwamfuta mai nisa ya jira ko za ta amsa. Ga yadda ake aikensa a Linux:

import subprocess
amsa = subprocess.run(["ping", "-c", "4", "8.8.8.8"], capture_output=True, text=True, timeout=30)

Ya kamata a lura da kowane yanki na wannan layi. An rubuta umarnin a matsayin jeri, sunansa da farko, sa'an nan bayanansa ɗaya bayan ɗaya: a aika saƙo sau 4 zuwa adireshin 8.8.8.8, wanda na kamfanin Google ne. Yankin capture_output yana haɗa ƙofar amsa da ta ƙorafi da bututu. Yankin text yana mayar da abin da aka tara ya zama rubutu mai karantuwa. Yankin timeout yana yanka wa ɗan aike wa'adin daƙiƙa 30.

Bayan umarnin ya gama, ana samun amsarsa a amsa.stdout, ƙorafinsa a amsa.stderr, lambar kammalawa kuma a amsa.returncode. Lambar ita ake fara dubawa:

if amsa.returncode == 0:
    print("Layi yana aiki")
else:
    print("Layi ba ya aiki:", amsa.stderr)

Akwai wani abin lura game da Windows. A can ana rubuta "-n" ne a madadin "-c". Har wa yau ping na Windows yakan ba da sifiri a wani lokaci ko da saƙon bai isa inda aka aike shi ba, muddin wata na'ura da ke kan hanya ta amsa cewa ba ta ga hanyar zuwa ba. Masu aiki da Windows sukan duba ko harufan "TTL=" sun fito a cikin amsar kafin su gaskata. Haka kuma umarnin robocopy na Windows yana ba da 1 idan ya kwafe fayil lafiya, sai lambar ta kai 8 ko fiye take nufin aiki ya ɓaci. Darasin da ke nan shi ne, kowane umarni yana da takardar bayaninsa, kuma lalle ne a karanta ta kafin a dogara da shi.

5. Inda sakaci ke jawo asara

A ɗauka kuma akwai wani akawu da ke riƙe da rajistar wata ƙungiyar fatake masu lodin shanu daga Potiskum zuwa kudancin ƙasar nan. Rajistar ta ƙunshi sunan kowane falke, da yawan shanunsa, da motar da ta ɗauka, da kuɗin da ya biya. Akawun ya rubuta manhaja wadda kowace yamma take aiken umarnin tar ya ɗaure rajistar a ƙunshi ɗaya ya ajiye a filashi, don gudun ranar da kwamfuta za ta lalace. Manhajar tana aiken umarnin, sa'an nan ta rubuta "An ajiye" a kan allo ba tare da ta duba kome ba.

Wata rana filashin ya cika. Umarnin ya kasa kammala aiki, ya faɗi haka ta ƙofar ƙorafi, ya kuma bar lambar da ba sifiri ba. Da yake manhajar ta tara ƙorafin a bututu, bai fito a kan allo ba. Da yake kuma ba ta duba lambar ba, sai ta ci gaba da rubuta "An ajiye" kowace yamma. Ranar da kwamfutar ta mutu aka ɗauko filashi, sai a tarar babu rajista mai kyau tun daga ranar da ya cika. A nan ba kwamfuta ce ta yi ƙarya ba. Ɗan aike ya faɗi gaskiya kullum, mai aiken ne bai saurare shi ba.

Maganin wannan kalma ɗaya ce. Idan aka ƙara check=True a cikin subprocess.run, duk lokacin da lambar kammalawa ba sifiri ba ce Python zai tsayar da aiki ya ɗaga kuskure mai suna CalledProcessError. Mai rubuta manhaja yana iya tarbar kuskuren ya nuna gargaɗi ga akawu, tare da ƙorafin da umarnin ya kawo. Daga nan sai a san halin da ake ciki tun a ranar, a kawo sabon filashi.

6. Matsaloli huɗu da hanyar kauce musu

(a) Cikar bututu. Bututu yana da iyakar abin da yake ɗauka. A Linux iyakarsa ta yau da kullum ita ce bayit 65,536. Idan ya cika, umarnin da ke zubawa yana tsayawa sai an ɗiba. To, idan mai aiken ya ce ba zai ɗiba ba sai umarnin ya gama, kowannensu zai tsaya yana jiran ɗan'uwansa har abada. Kamar ɗan garuwa ne ya iske randa ta cika, ya tsaya da sauran jarkoki a kura yana jiran a rage ruwan, uwargida kuwa ta ce ba za ta taɓa randar ba sai ya juye duka ya yi sallama. Wannan matsala tana da wuyar ganewa, domin ba ta bayyana a lokacin gwaji da ƙaramin fayil, sai ranar da aiki ya yi yawa. Hanyar subprocess.run tana ɗiban ƙofofin biyu tun umarnin yana kan aiki, saboda haka ba ta faɗawa cikin wannan tarko. Masu faɗawa su ne waɗanda suka yi amfani da subprocess.Popen suka kira wait kafin su karanta, ko suka karanta ƙofa ɗaya suka bar ɗayar ta cika.

Duk da haka Popen yana da amfaninsa. Idan aikin zai ɗauki lokaci mai tsawo kuma ana son ganin ci gabansa layi bayan layi, shi ake amfani da shi, a kuma haɗa ƙofar ƙorafi da ta amsa don kada ɗaya ta cika:

aike = subprocess.Popen(umarni, stdout=subprocess.PIPE, stderr=subprocess.STDOUT, text=True)
for layi in aike.stdout:
    print(layi, end="")
lamba = aike.wait()

(b) Ɗan aike da bai dawo ba. Wasu umarnai ba su da ƙarshe sai an tsayar da su. A Linux, ping da ba a gaya masa adadin saƙo ba zai yi ta aikawa har a kashe shi. Wasu kuma sukan tsaya suna jiran a buga musu kalmar sirri, wasu sukan maƙale saboda layin intanet ya yanke a tsakiyar aiki. A wurin da layi ke zuwa yana ɗaukewa, yanka wa'adi tilas ne. Idan wa'adin ya cika, Python zai kashe umarnin ya ɗaga kuskuren TimeoutExpired, manhajar kuma ta sami damar sake gwadawa ko ta sanar da ma'aikaci.

(c) Haruffa masu lanƙwasa. Wannan matsala ta shafi Hausa kai tsaye, ta kuma shafi harsunan Bolewa da Ngizim da Karai-Karai da ake magana da su a yankin Potiskum, domin su ma ana rubuta su da ɓ da ɗ. Abin da ke gudana a cikin bututu ba haruffa ba ne, lambobi ne da ake kira bayit. Dole ne mai zubawa da mai ɗiba su yarda da tsari ɗaya na mayar da harafi lamba. Tsarin da duniya ta fi amfani da shi a yau shi ne UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara cikin 1992. A cikinsa harafin a ko b bayit ɗaya ne, amma ɓ da ɗ da ƙ kowannensu bayit biyu ne, alamar naira kuwa bayit uku.

A kan Windows da aka saita da Turanci, Python ya saba ɗaukar wani tsohon tsari mai suna cp1252 idan ba a faɗa masa wanda zai bi ba, kuma wannan tsari ba shi da haruffa masu lanƙwasa ko ɗaya. Idan umarni ya zubo UTF-8 aka karanta shi da cp1252, kalmar ƙauye za ta fito kamar haka: Æ™auye. Sunan Ɗanjuma zai koma ÆŠanjuma. Babban harafin Ɓ kuwa ya fi muni, domin bayit ɗinsa na biyu ba shi da ma'ana a cp1252 ko kaɗan, saboda haka manhajar za ta tsaya cik da kuskure. Sunan da ya lalace a rajista ba ƙaramin abu ba ne ga mai shi, musamman idan takardar makaranta ce ko ta banki. Magani shi ne a faɗi tsarin a fili, a rubuta encoding="utf-8" a cikin subprocess.run, bayan an tabbatar cewa da shi umarnin yake rubutu. Kuma kafin a fara aiki da kowace manhaja, a gwada ta da sunaye masu ɗauke da Ɓ da Ɗ da Ƙ, manya da ƙanana.

Wani ƙaramin abu da ke tafiya tare da wannan shi ne, kusan kowane umarni yana rufe amsarsa da alamar sabon layi wadda ido ba ya gani. Idan aka kwatanta amsar da wata kalma, sai a ga ba su yi daidai ba alhali kuwa a ido iri ɗaya ne. Ana share ta da strip, ana kuma raba doguwar amsa layi-layi da splitlines.

(d) Shigar maɓarnaci. Wannan ita ce mafi haɗari. Tsakanin mutum da babbar manhaja akwai wani tafinta mai fassara abin da aka buga a allon umarni, a Linux mafi shahararsa shi ne Bash. Wannan tafinta yana ba wasu alamomi ma'ana ta musamman. Alamar waƙafi mai ɗigo, alal misali, tana nufin umarni ɗaya ya ƙare, wani ya fara. Idan aka rubuta shell=True, Python yana miƙa dukan layin ga tafinta.

A ɗauka manhajar shagon Yerimaram tana tambayar sunan fayil ɗin hoton ɗalibi, ta liƙa shi a cikin layin umarni ta miƙa wa tafinta. Wani mugu sai ya buga: hoto.jpg; rm rajista.csv. Tafinta zai ga umarni biyu, ya aikata na farko, sa'an nan ya aikata na biyu, wanda ke share rajistar shagon. Amma idan an rubuta umarnin a matsayin jeri, kamar yadda aka nuna a sashe na 4, ba a bi ta wurin tafinta ba. Dukan abin da mugun ya buga za a ɗauke shi a matsayin sunan fayil guda, a nema a rasa, a dawo da ƙorafi, rajista kuwa tana nan lafiya. Haɗarin tafinta ba tatsuniya ba ne. A watan Satumba na 2014 an gano wata kafa a cikin Bash, wadda aka laƙaba wa suna Shellshock, ta inda maɓarnata suka riƙa aiken umarninsu a kan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet a ƙasashe da yawa. Rigakafi dai ya fi magani.

7. Sauran harsunan kwamfuta

Abin da aka bayyana bai taƙaita ga Python ba. A harshen Bash kansa ana tara amsar umarni da alamar $( ), ana kuma duba lambar kammalawa a $?. A harshen C akwai popen mai buɗe bututu, da pclose mai rufe shi ya kawo labarin kammalawa. A harshen Perl, wanda Larry Wall ya fitar cikin 1987, ana sa umarnin tsakanin alamomin ` biyu. A harshen PHP, shell_exec yana dawowa da amsa kaɗai, exec kuwa yana iya kawo lambar kammalawa tare da ita. A harshen Java akwai ProcessBuilder. Yawancin gajerun hanyoyin nan ƙofar amsa kaɗai suke tarawa, kuma ta wurin tafinta suke bi. Saboda haka duk harshen da mutum ya koma, tambayoyinsa na farko su ne: ina ƙorafi yake zuwa, ina ake samun lambar kammalawa, kuma ana bi ta wurin tafinta ko ba a bi?

8. Lokacin da aike bai dace ba

Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. Idan harshen da ake rubutu da shi ya riga ya iya aikin da kansa, babu dalilin kiran umarnin waje. Python yana kwafe fayil da shutil.copy, yana auna wurin da ya rage a ma'ajiya da shutil.disk_usage, yana jera fayilolin da ke cikin jaka da os.listdir. Waɗannan suna aiki iri ɗaya a Windows da Linux, kuma suna dawowa da lambobi da sunaye a shirye.

Amsar umarnin waje kuwa an tsara ta ne domin idon mutum. Tana iya canzawa idan an sabunta umarnin, ko idan an saita kwamfutar da wani harshe. Manhajar da ke neman wata kalmar Turanci a cikin amsa za ta daina aiki idan aka kai ta Maraɗi ko Damagaram aka ɗora ta a kan kwamfutar da aka saita da Faransanci. Inda aike ya zama dole, a bincika ko umarnin yana iya ba da amsa a tsarin da aka yi domin manhaja, kamar JSON ko CSV, a kuma dogara da lambar kammalawa fiye da kalmomin da ke cikin amsar.

9. Nauyin da ke kan ma'aikaci

Amsar da manhaja ta tara sau da yawa tana ɗauke da bayanan mutane: sunaye, da lambobin waya, da lambar shaidar ɗan ƙasa. Waɗannan amana ce a hannun mai shago ko akawu. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da irin waɗannan bayanai nauyin tsare su. Dokar Hana Laifuffukan Intanet ta 2015 kuma ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba. Bisa ga haka, bai kamata a zuba duk abin da aka tara a fayil ɗin da kowa ke iya buɗewa ba, bai kamata kuma a rubuta kalmar sirri a cikin layin umarni ba, domin sauran masu aiki da kwamfutar suna iya ganin layin yayin da umarnin ke gudana. Wanda zai gwada abin da aka bayyana a sashe na 6(d), ya gwada shi a kan kwamfutarsa da fayilolin da ba shi da bukatarsu.

Ƙa'idodin da za a riƙe

1. A rubuta umarni a matsayin jeri, a guji tafinta sai da larura.
2. A tara amsa da ƙorafi duka biyu.
3. A duba lambar kammalawa kafin a yi amfani da amsa, a kuma san ma'anarta ga wannan umarni.
4. A yanka wa kowane aike wa'adi.
5. A faɗi tsarin haruffa a fili, a gwada da haruffa masu lanƙwasa.
6. Aikin da harshe ya iya da kansa, kada a aiki umarnin waje ya yi shi.

Tambayoyi da aikin gwaji

1. Mene ne bambancin ƙofar amsa da ƙofar ƙorafi? Don me aka raba su?
2. Umarnin grep ya dawo da lamba 1. Shin aiki ya ɓaci ne? A kawo hujja.
3. Me ya sa akawun fatake bai san filashinsa ya cika ba? Wace kalma ce za ta gyara manhajarsa?
4. A bayyana yadda cikar bututu ke tsayar da manhajoji biyu a lokaci guda.
5. A rubuta manhaja da za ta aiki ping sau 4 da wa'adin daƙiƙa 20. A gwada ta da layi, a cire layin a sake gwadawa, a rubuta lambar kammalawa da aka samu a kowane gwaji.
6. A buɗe fayil a rubuta kalmomin Ɓera da Ɗaki da Ƙofa a ajiye shi da tsarin UTF-8. A sa manhaja ta aiki umarnin cat na Linux ya karanto shi, a tara amsar da encoding="utf-8", sa'an nan a sake tarawa da encoding="cp1252". A kwatanta abin da ya faru a gwaje-gwajen biyu a gaban malami.